Farautar matattun ƙwayayen fitila a Maraɗi

Da hunturun da ya wuce na yi tafiya zuwa Maraɗi, kuma duk wanda na gaya wa abin da zai kai ni sai ya sake tambayata, yana zaton bai ji daidai ba. Matattun ƙwayayen fitila na je nema: dogayen fararen nan da ake kafawa a ajujuwa da ofisoshi, da 'yan murɗaɗɗun da suka yi tashe kafin zuwan na yanzu. Karatun digirina na uku a fannin fiziks a kan farar hodar da ke shafe a cikin gilashinsu yake. Na tara na Kano da na Zariya, sai malamina ya ce a samo na wata kasuwar da ba ta Legas kayanta ke shigowa ba. Nan take Maraɗi ta faɗo mini a rai, don kayanta ta Kwatano da Lome suka saba biyowa, ga shi kuma ƙanin mahaifiyata yana can yana sayar da shadda da atamfa tun ina yaro.

Na yi sallar asuba na nufi tashar Ƙofar Ruwa. Mota ta cika kafin rana ta ɗaga, mu huɗu a baya, biyu a gaba ban da direba. Bichi, Tsanyawa, Kankiya, Caranci, duk cikin hazo da gyangyaɗi na wuce su, da hantsi muna Katsina.

Daga Katsina zuwa Jibiya ne jiki ya gaya mini. Hanyar ba ta kai kilomita 50 ba, amma shingayen da ke kanta sun sa ta fi ta Kano cin rai. Da ka hango tsohuwar taya da gungumen itace a tsakiyar titi, da katako mai ƙusoshi a gefe, ka san an zo wani. Masu kaki kala-kala, wasu ma babu kakin sai sanda. Direbanmu tun daga tasha ya jera canji a gabansa, in an zo ya rage tafiya, ya miƙa hannu ta taga, ya taka. Ban ga laifin tsaro a hanyar da 'yan bindiga suka addaba ba, amma mai neman makami but yake buɗewa, ba tafin hannun direba yake kallo ba. Wuri ɗaya ne aka zazzage jakata. Mai binciken ya ga safar hannu, da takunkumi, da 'yan kwalaben roba babu komai a ciki, da tocila, da faifan sidi guda.

"Likita ne?"

"A'a yallaɓai, ɗalibi ne."

Ya juya faifan ya ga ba rubutu, ya mayar, ya ce Allah ya ba da sa'a.

A wasu wurare ana hango aikin layin dogon Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021. Wani dattijo mai fataucin wake da ke kusa da ni ya nuna shi da haɓa, sannan ya nuna shingen da ke gabanmu, ya ce ranar da jirgi ya fara tafiya waɗannan sai su koma gona. Direba ya ce shi ma ai gonar zai koma.

A Magama na canza kuɗi. Jika ɗaya ta sefa, wato faran 1000, sai da na ajiye mata sama da naira 2000, abin da iyayenmu da suka san naira da ƙarfinta ba sa son ji. Ɗan canjin yana da 'yar fitila mai haske ruwan shanshanbale da yake haska manyan takardu, wasu zare-zare da alamomi su bayyana, waɗanda ido ba ya gani da rana. Irin tocilar da ke jakata ke nan, kuma aikinmu ɗaya ne da shi in an bi ta ƙasa: ka jefa wa abu ƙarfin da ba a gani, ya mayar maka da launi. A 2002 wasu masana a Utrecht ta ƙasar Holan sun auna irin wannan haske a takardar yuro, suka gano cewa jan da take fitarwa na sinadarin yurofiyom ne, ɗaya daga cikin waɗanda nake bi.

Iyakar nan an rufe ta bayan juyin mulkin Yulin 2023, sai a Maris 2024 aka buɗe. A Ɗan Isa jami'in ya fara mini da Faransanci, da ya ga na yi zuru sai ya koma Hausar da ta fi tawa gargajiya: "Ina zaka? Wurin wa?" Ya duba fasfo da katin rigakafi, ya rubuta a wani babban littafi, ya miƙo mini. Daga nan zuwa gari tafiyar ba ta da labari, sai korayen gonakin zogale da na rani a wajen Jiratawa, da amalanken shanu ɗauke da kara.

Abin da ya fara ɗaukar idona a Maraɗi shi ne faɗin tituna da miƙewarsu. Mutumin da ya tashi a lungunan cikin birnin Kano, inda mai babur da mai kura sai ɗaya ya koma baya, zai ji wurin ya yi masa yawa. Dalili kuwa shi ne ambaliyar 1945 da ta cinye tsohon garin da ke kwari, Faransawa suka mayar da mutane kan tudu suka yanka filaye a jere. Sarautar kuma ta Katsinawa ce, zuriyar sarakunan da suka baro Katsina bayan jihadi, shi ya sa har yau Sarkin Katsinan Maraɗi ake cewa. Rairayi ne ko'ina, da inuwar bedi, da jajayen awakin nan da fatarsu ta yi suna har Turai. Ɗan kabu-kabu ya kai ni ƙofar gida a kan dala hamsin. Baƙo ya riƙe wannan: duk kuɗin da aka faɗa masa da dala ya ninka sau 5, dala hamsin faran 250 ke nan.

Inna, matar Kawu, ta tarbe ni da ruwa da fura mai kauri, ba irin tsululun da ake dama mana a robobi ba. Gaisuwa ta ɗauki lokacinta, sai da aka tambayi kowa na gida da sunansa. Da dare aka kawo tuwon hatsi da miyar kuɓewa busassa, da dambun zogale a gefe. Da safe shayi da dogon burodin nan mai ɓawo, wanda in ya wuce azahar sai an jiƙa. Ɗakin samarin gidan aka gyara mini a zaure na biyu, ban biya ko dala ba a masauki, shi ya sa kuɗin tafiyar duka a mota da sayen shara suka ƙare. Da Kawu ya ji abin da ya kawo ni, ya yi shiru, sannan ya ce: "Ɗana, duk karatun nan da uwarka ke faɗi, ashe bola ya kai ka?" Inna ta ce a bar yaro ya ci abinci.

Ranar Litinin, ɗaya daga ranakun da kasuwar ke ci sosai, na bi shi rumfa. Na zaga layin masu kayan lantarki tun daga farko har ƙarshe, abin da nake nema ya zama tarihi. Ko'ina sai ƙwayayen da ake rubuta LED a kwalinsu, da farantan sola, da batura. Da na tambayi dogon ƙwai, wanda a can suke kira neyon, wani mai shago ya ce mini: "Neyon? Alhaji wa ka sayen neyon yanzu?" Wutar wannan yanki ta layin Katsina zuwa Gazawa take shigowa, kuma da Najeriya ta katse ta a Agustan 2023 mutane suka koma sola gadan-gadan, batirin sola kuwa ba ya son ƙwai mai ci. Can sama ma an yanke wa dogon ƙwai hukunci: ƙasashen yarjejeniyar Minamata kan zaiba sun amince a 2023 cewa zuwa 2027 a daina ƙera shi da cinikinsa. Da na yi jinkirin wasu shekaru da ko mataccen ban samu ba.

A rumfar Kawu na ga abin da ya sa na ji tafiyar ba ta tashi a banza ba tun kafin in samu ƙwai ko ɗaya. Wata hajiya ta zaɓi jar atamfa, ta ɗaga ta a ƙarƙashin fitila, ta yamutsa fuska, ta ɗauke ta zuwa bakin ƙofa inda rana ke shigowa, a can ta yarda da launin. Kawu ya ce tun zamanin neyon haka suke yi, ja a cikin rumfa ruwan ƙasa yake komawa, kuma an sha dawo masa da kaya a kan haka. Na ce Kawu wannan ai shi ne karatuna. Dogon ƙwai ba ya haifar da farin haske da kansa. Wuta ce ke ratsa tururin zaiba a ciki, zaibar ta fitar da wani haske da ido ba ya gani, mai tsawon zango nanomita 254 (nanomita kashi ɗaya ce cikin miliyan na milimita, kuma tsawon zangon haske shi ke bambanta launi da launi), sai hodar da ke jikin gilashin ta sha shi ta mayar da wanda ake gani. Tsohuwar hoda, wadda aka fara amfani da ita tun shekarun 1940, mai araha ce amma tana da ƙarancin ja, abin da babu shi a cikin haske kuwa zane ba zai iya mayar wa ido da shi ba. A shekarun 1970 kamfanin Philips ya fito da gaurayen hoda uku: mai ba da ja daga yurofiyom a nanomita 611, mai ba da kore daga tabiyom a wajen 544, da mai ba da shuɗi daga wani nau'in yurofiyom ɗin a wajen 450. Su ne suka gyara launi, su ne kuma suka ƙara wa ƙwan tsada.

"To na yanzu hwa?" in ji Kawu, yana nuna wanda ke kansa.

Na yanzu ɗan ƙwayar cikinsa shuɗi yake fitarwa, an lulluɓe shi da hoda ruwan ɗorawa mai siriyom da itiriyom, shuɗi da ɗorawa suka haɗu ido ya ga fari. Dabarar ta 1996 ce daga Japan. Masu arha a nan suke tsayawa, masu kyau sai an ƙara musu hoda mai ba da ja, ita ma da yurofiyom. Na nuna masa lambar da ake rubutawa a gefen kwali kusa da haruffan Ra, wadda ke nuna yadda ƙwan ke fitar da launin abu daidai, na ce mai sayar da zane ya nemi 90, kada ya sauka ƙasa da 80. Ya aiki yaro layin masu lantarki, yaron ya dawo ya ce yawancin kwalayen ba su da lambar ma sam.

Yurofiyom, tabiyom, siriyom, itiriyom da danginsu sinadarai guda 17 ne, ana ce musu ma'adinai masu wuyar samu, kodayake siriyom a cikin ƙasa bai gaza tagulla yawa ba. Wuyar tana wajen raba su, don halinsu kusan ɗaya ne kuma a cakuɗe suke zuwa, tacewar kuwa yau kusan kashi 90 cikin 100 a Sin ake yin ta. Da farashinsu ya yi tashin gwauron zabo a 2011, kamfanin Solvay ya buɗe masana'antar ciro su daga matattun ƙwayaye a Faransa a 2012, ya rufe a 2016 da farashin ya faɗi.

Washegari na bi 'yan jari bola. A can na ga abin da ya dame ni. Su bakin alminiyon da ke kan ƙwan suke so, saboda haka fasa gilashin suke yi da dutse su yar, hodar ta tashi a fuskarsu, yara kuma su ɗauki masu rai suna wasan takobi. Kowane ƙwai yana ɗauke da 'yan miligiram na zaiba, kaɗan ne a ido, amma mai fasa su kullum a rumfar da iska ba ta ratsawa shaƙa yake yi. Na yi wa ubangidan wurin bayani, ya saurara da ladabi, ya ce to Malam, sannan ya tambaye ni nawa zan saya in an bar su ba a fasa ba. Muka daidaita a dala ashirin kowane. Ina ganin wannan cinikin ya fi wa'azina tasiri.

Babbar sa'a ta zo ta hannun wani maƙwabcin Kawu, malamin fiziks da kimiyyar sinadarai a wata sakandare, wanda kowa a unguwa ke kira Mushe, wato Monsieur na Faransanci, yadda ake kiran malamin makaranta a can. Ya ce makarantarsu ta canza fitilu, tsofaffin suna jibge a ɗakin ajiya bayan karyayyun bencina. Da izinin shugaban makaranta mai gadi ya buɗe mana, ga su nan a ɗaure da igiya, ƙura ta rufe su, bakin wasu ya yi baƙi ƙirin alamar sun ci wuta har ƙarshen ransu. Na ce a rufe ƙofa da taga. Na kunna tocilar duba kuɗi na bi su ɗaya bayan ɗaya. Yawancinsu ba su ce komai ba, sai gilashi ya mayar da ruwan shanshanbalen tocila. Can sai ɗaya ya amsa, tun daga inda hasken ya taɓa shi ya ɗauki wani shuɗi mai sanyi, na gusa tocilar shuɗin ya bi ta. Mai gadi ya ja da baya ya yi salati, ya ce wannan ai matacce ne tun bara. Tsohuwar hoda ba ta amsa hasken irin wannan tocila, mai shuɗin yurofiyom ce ke amsawa. Haka muka ware su gida biyu, na liƙa wa kowane lamba, na kwafe rubutun da ke jikinsa.

Ladan Mushe shi ne in shiga ajin ƙarshe, masu shirin bak, jarrabawar kammala sakandare, in yi musu magana. Na ce ban iya Faransanci ba, ya ce su ma ba da shi suke mafarki ba. Na fara da faifan sidi. Muka kunna ɗan murɗaɗɗen ƙwai mai sauran rai, kowa ya karkata faifan ya duba: maimakon bakan gizo mai haɗe, sai ga launuka a rarrabe, ja a wurinsa, kore a wurinsa, shuɗi a wurinsa, da duhu a tsakani. Muka gwada da fitilar waya, launukan suka zo a haɗe. Wannan rarrabuwa sa hannun sinadaran hodar ne da na zaibar da ke cikin ƙwan. Ilaktoron, 'yan mitsitsin da ke zagaye tsakiyar ƙwayar zarra, waɗanda ke ba da ja da koren a can ciki suke, wasu sun yi musu katanga daga waje, don haka jan yurofiyom da koren tabiyom sirara ne tsayayyu, duk inda ka sa su za ka gane su.

Wata ɗaliba a layin gaba ta ce: "Mushe, in faifai ya nuna wannan duka, mi za ka yi da babban inji?"

Tambayar da nake jira ke nan. Hodar nan fara ce a ido, amma gauraye ce, kamar a zuba gero da dawa da maiwa a buhu ɗaya. Faifai, da ma yawancin na'urorin ɗakin gwaji, mudu guda suke aunawa su ce maka ga abin da ke ciki a jimlace. Ni kuwa so nake in tsinci ƙwaya ɗaya in tambaye ta. Kowace ƙwaya 'yan maikuromita ce, kaurin gashin kai kuwa wajen maikuromita 70. Dogon ƙwai in ya tsufa haskensa raguwa yake yi, launinsa ya karkace, kuma ba tare hodojin uku suke gajiya ba. Mai shuɗi ce aka sani da saurin lalacewa, yurofiyom ɗinta yakan sauya hali ya daina ba da shuɗin. Shin daga fatar ƙwayar lalacewar ke farawa? Ina zaiba ke maƙalewa? Wace ƙwaya ce ta fita lafiya har a iya sake amfani da ita? Mudu ba zai amsa wannan ba.

Na zana musu injin a allo. Ana ɗaukar iskar haidurojin a mayar da ita ayon, wato ƙwayar zarra mai cajin lantarki, a tunkuɗa ta da miliyoyin bolt cikin bututun da aka zuƙe iskarsa. Wannan ayon na haidurojin shi ake kira furoton, kuma wanda ya samu ƙarfin bolt miliyan 3 yana gudun kusan kilomita 24,000 a daƙiƙa. Sai a bi da su ta tsakanin wasu maganaɗisu masu baki huɗu-huɗu da ke matse su har su zama ziri mai faɗin maikuromita 1 ko 2. A Harwell ta Ingila aka fara wannan matsewa a farkon shekarun 1970. Zirin yana tafiya a kan hodar ɗigo bayan ɗigo, layi bayan layi, kuma a kowane ɗigo abu biyu ake saurare. Na farko hasken eksire da sinadaran wurin ke fitarwa, kowane da ƙarfinsa na daban, wanda ke faɗin ko wane ne a wurin ko da kashi kaɗan ne cikin miliyan. Wannan dabara masana a Lund ta Suwidin ne suka fito da ita a 1970. Na biyu hasken da ido ke gani, wanda ke faɗin ko sinadarin yana aiki ko ya mutu a tsaye. Kwamfuta ta haɗa ɗigogin ta ba ka taswira biyu na wuri ɗaya. Inda taswirar farko ta ce akwai yurofiyom, ta biyu kuma ta nuna duhu, nan ne ciwon yake.

Wani ya ce ai akwai madubin da ke aiki da ilaktoron, sun gani a littafi. Akwai, kuma yana da amfaninsa. Sai dai furoton ya fi ilaktoron nauyi sau 1836, saboda haka in ya shiga abu ba ya warwatsewa, miƙewa yake yi ya ratsa gomman maikuromita, ya wuce ta cikin ƙwayar gaba ɗaya. Yana da nasa aibin: yana ɓarna a hanyarsa. Na ga wannan da idona lokacin da na je horo a Afirka ta Kudu. Ka ajiye zirin a wuri ɗaya, ɗigon ya haska, kana kallo a allon kwamfuta yana dusashewa. Mai gaggawa zai ce an lalata samfur, amma saurin dusashewar ma awo ne, shi ke nuna wace hoda ce mai juriya.

Suka tambayi inda injinan suke. Mafi kusa da mu da na yi aiki da shi yana Ile-Ife, a cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Obafemi Awolowo, mai ƙarfin bolt miliyan 1.7, an kafa shi a 2008. Zirin da na yi aiki da shi a can na milimita ne, dubban ƙwayoyi yake dukawa lokaci guda, wato mudun dai. Mai siririn ziri sai cibiyar iThemba kusa da Kef Tawun, inda aka kafa sabon inji mai bolt miliyan 3 a 2017. Can gaba kuma, a Jami'ar Ƙasa ta Singafo, a 2015 sun yi amfani da ayon na hiliyom suka ɗauki hoton hasken wasu 'yan lu'ulu'u masu itabiyom da tuliyom, suna rarrabe abin da bai kai nanomita 30 ba, alhali madubin haske na yau da kullum a wajen 200 yake tsayawa.

Daga bayan aji wani dogon saurayi ya ce su da ake haƙar yuraniyom a Arlit tun 1971, me ya hana a kafa musu irinsa? Na ce injin ba ya cin yuraniyom ko kaɗan, 'yar tukunyar haidurojin yake so, da wutar da ba ta ƙiftawa, da injiniyoyin da za su zauna da shi shekara da shekaru. Kuma ba sai ka mallake shi za ka yi aiki da shi ba, yawancinmu takarda muke rubutawa mu nemi a ba mu 'yan kwanaki a na wasu. Mushe ya karɓe zancen, ya tuna musu cewa Abdu Mumuni, masanin fiziks ɗin da jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, wanda ya yi fice a binciken hasken rana, a Tasawa aka haife shi a 1929, nan cikin jiharsu. Ga kuma jami'a a garinsu mai sunan Ɗan Dikko Ɗan Kulodo. Saurayin bai gamsu ba, na gani a fuskarsa, kuma ban ga laifinsa ba.

Ɗalibar layin gaba ce ta ja ni zuwa gulbi. Na ambata a aji cewa ba hodar masana'anta kaɗai ke haske a ƙarƙashin zirin ba, har da wasu ƙwayoyin rairayi irin su zirkon, wanda ɗan disfurosiyom da ke cikinsa ke ba da layukan shuɗi da ɗorawa. Ta ce mahaifinta yana da garka a bakin gulbi, kuma bayan ruwa ya janye akan ga baƙin rairayi a kwance layi-layi. Da la'asar muka gangara tare da Mushe da yayanta. Gulbin Maraɗi daga Najeriya yake fitowa, ya biyo ta madatsar Jibiya, ya ratsa nan, ya sake komawa Najeriya, da rani kuwa rairayi ne zalla ana tafiya a cikinsa da ƙafa. Gefe da gefe tumatir ne da albasa da mangwaro, injinan ban ruwa suna ta ƙara. Muka sami baƙin layin a wata kwana, na kankare shi da cokali na cika 'yan kwalabe. Mahaifin nata ya tambaya ko zinariya ce, da na ce a'a ya koma ban ruwansa, amma sai da ya cika mini leda da tumatir.

Daren ƙarshe ni da samarin gidan muka naɗe ƙwayayen da tsofaffin ƙyallayen rumfar Kawu, muka jera su a dogon kwali, muka cusa takarda a tsakani. Ban fasa ko ɗaya ba, don fasawa aikin ɗakin gwaji ne mai injin zuƙe iska. Hodar da na ɗebo daga fasassun wurin 'yan jari bola ita ce a kwalabe. Inna ta haɗa mini kilishi da ƙuli-ƙuli da saƙon turare na mahaifiyata, Kawu ya biya mini kujerar gaba don in riƙe kwalin a jikina.

Farar hoda a 'yan kwalabe ba abin da mutum zai so a gani a jakarsa a kan iyaka ba ne. A wani shinge bayan mun tsallaka aka gan ta, aka ce in sauko, direba ya kashe mota, fasinjoji suka fara tsaki. Mai binciken ya ɗaga kwalba ɗaya yana girgizawa, ya kira na gaba da shi. Na miƙa takardar jami'a mai hatimi wadda ta faɗi abin da nake ɗauke da shi, ya karanta, bai sake ni ba. Da na ga yana shirin buɗewa ya shinshina na ce yallaɓai don Allah kada ka shaƙa, akwai zaiba a ciki. Wannan ya ƙara masa zargi. Na roƙi ya ba ni hularsa, na kifa ta a kan kwalbar a cikin but, na kunna tocila ta ƙasa, na ce ya leƙa. Ya leƙa, ya daɗe, ya kira na ukunsu shi ma ya leƙa. Suka tambayi ko tana maganin wani abu, na ce ba ta yi. Babban ya ce to matattun ƙwayaye ai ba su da kuɗin fito, amma tocilar ta yi masa kyau. Na ce aiki nake yi da ita, na gaya masa layin da ake sayar da irinta a kasuwar Sabon Gari.

Mun shiga Kano bayan isha'i, ƙwai ɗaya ne ya tsage a ramukan wajen Tsanyawa, na ɗaure shi a leda biyu tun a mota. Wanda zai bi hanyar nan da irin wannan kaya ya nemi takardarsa da Ingilishi da Faransanci, tawa ta Ingilishi ce kaɗai, a ɓangaren Nijar sai da Mushe ya rubuta mini fassara da hannu ya sa lambar wayarsa. Hodar yanzu an raba ta biyu: rabi za a matse shi ƙwaya-ƙwaya a kai Ile-Ife don awon jimla, rabi kuma an barbaɗa shi a kan 'yan faranta yana jiran amsar takardar neman lokaci da muka aika Kef Tawun.